Ɗaurarren Hannuna a Ƙasar Tsibirai

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya zuba teku ya yi mata iyaka, ya ba ɗan Adam hannu biyu sannan ya zuba masa ido ya ga abin da zai yi da su. Ku matso ku ji labarin Nomau ɗan Sarkin Fawan Rafin Giginya daga bakin mai shi, don in wani ya ba ku, zai rage mini daraja. Kuma kada wanda ya katse ni da tambaya. Na sha tambayoyi a duniya har sun gundure ni.

Ni ɗan dambe ne, haka ubana, haka kakana. A wajenmu hannun dama ake naɗewa da tsumma da zare har ya dunƙule kamar kan taɓarya, shi ne mashi. Na hagu kuwa garkuwa ne, aikinsa ya tsaya a gaba ya yi gadi. Wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da zai tashi ya karkaɗe wando ya je gida ya ci tuwo. Na kashe maza da yawa a haka, har wata kaka da aka gama girbi wani baƙo ya zo daga Tudun Gawo, ana ce masa Sadau Bahago. Ina jiran naushi ta inda mutanen kirki ke kawo shi, ya kawo ta ɗaya gefen. Ko da na farfaɗo, mutanensa sun ɗauke shi a kafaɗa sun yi gaba da kiɗansu, ni kuwa ina kwance ƙasa ta cika mini baki.

Na miƙe a gaban mutanen garinmu, na ɗaga naɗaɗɗen hannuna, na rantse ba zan kwance shi ba sai na sa gwiwar Sadau a ƙasa. Makaɗi ya saki kalangu, mata suka yi guɗa. Duk taron nan ba a sami wanda ya tuna mini cewa baki shi ke yanka wuya ba. Ubana kaɗai ya dube ni ya ce, "To da wane hannu za ka riƙe wuƙar fawa?" Ni kuwa a lokacin kaina na cikin gajimare.

Wani falke ne ya ba ni labarin Ƙasar Tsibirai, can inda rana ke wanke fuska kafin ta fito mana. Ya ce mutanenta gajeru ne masu fara'a, amma har kakanninsu mata sun iya naushi, kuma manyan gwanayensu bahagwai ne. Ya ce akwai wata tsohuwa a can, Lola Kandeng, wadda duk wani salon bahago a tafin hannunta yake. Na ɗauki buzuna na kama hanya.

Na ratsa ƙasar da rairayinta ke waƙa in an taka shi. Na shiga jirgin ruwa na ƙetare tekun da kifayensa ke da fukafukai, suna tashi su faɗo cikin tukunya da kansu. Mai dafa abincin jirgin ɗan Tsibirai ne, a wurinsa na tsinci harshensu. Duk tsawon tafiyar nan da hagu nake cin abinci, ina juya wa mutane baya don kunya, in zan yi alwala in shafa saman tsumma. Hannun ya fara ƙaiƙayi, daga baya ya koma zogi. Na ce masa ya yi haƙuri, ai namiji ne.

Da muka sauka na sami wani mai kwalekwale, Mang Islau, dattijo siriri mai haƙori ɗaya a gaba, kwalekwalensa da fukafukan gora hagu da dama. Na gaishe shi na ce, "Ina ne tsibirin Lola Kandeng?"

Sai ya turo mini baki.

Na waiwaya ko da wani yake. Babu kowa. Na sake tambaya, ya sake turo bakin, har ya fi na farko tsawo. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, na ƙetare teku ba don a yi mini gatsine ba. In da laifi ka faɗa."

Ya yi dariya har haƙorin ya yi rawa. Ya ce, "Aboki, nuna maka nake yi. Can ne. Nan kusa ne."

Ashe da leɓe suke nuni. Kuma ku riƙe wannan: in ɗan Tsibirai ya ce maka nan kusa ne, ka ɗaure guzuri, ka bar wasiyya.

Tsibirin da muka fara tsayawa shi ne Tsibirin Sikeli. A tsakiyar kasuwarsu akwai fage da aka kewaye da igiya, gefensa wani ƙaton ma'auni rataye a bishiya. Na shiga fagen na yi kirari, na ce duk mai jin shi namiji ne ya fito. Suka tafa mini, suka kawo shinkafa da kifi. Na ce faɗa na zo nema, suka ce ai ba a faɗa da yunwa. Na ci. Na sake miƙewa, suka ce sai an auna ni, domin a wurinsu ba a haɗa mutum sai da sa'ansa a nauyi. Suka ɗora ni a gefe guda, suka yi ta ɗora mazajensu ɗaya bayan ɗaya a ɗaya gefen, ma'aunin ko motsi bai yi ba. Suka ba ni haƙuri, suka ce babu sa'ana a tsibirin, suka ƙara mini shinkafa. Ban taɓa ganin mutanen da ke ƙona wa mutum rai da alheri irin waɗannan ba.

Da na dame su, sai Mang Islau ya ɗaure kwalekwalensa ya ce shi zai taya ni motsa jiki, tun da baƙo ba a barinsa da buƙata. Na dube shi, gaba ɗayansa bai kai cinyar bijimi ba. Na gyara tsayuwa, garkuwa a gaba, mashi a baya, na sako masa naushin da na taɓa kayar da mutum uku a wuni ɗaya da shi. Bai gudu ba, bai kuma nemi fuskata ba. Hannunsa ɗaya ya kauda naushin, ɗayan ya ƙwanƙwasa mini dantse. Hannuna ya sauko kamar igiyar guga, ya ƙi tashi.

Na ce, "Wannan ai maguɗi ne. Da hannu biyu ka yi."

Ya ce, "Biyu aka ba ni. Kai ɗayan naka na maƙwabci ne?"

"To me ya sa ka bugi hannuna ka bar kaina?"

"Kanka bai yi mini komai ba. Hannun ne ya zo."

Mutane suka sake tafawa, aka ɗauko garaya irin tasu aka kama waƙa, wai don girmama ni. Na koma cikin kwalekwale na zauna ina huci.

Daga nan sai Tsibirin Hanya Mai Dawowa, wanda dole a ratsa dajinsa da ƙafa a ɗauki kwalekwale a ka. Duk surin da muka wuce sai Mang Islau ya nemi gafarar masu gidan. Ni na ce ban taɓa gaida gara ba, ba kuma zan fara da girmana ba. Muka yi ta tafiya muna dawowa gindin bishiya guda, hayaƙin taba na saukowa daga samanta. Mang Islau ya ce mai dajin ne ke juya mana hanya, maganinsa mutum ya tuɓe riga ya sa ta a bai-bai. Ya juya tasa nan take. Ni kuwa tawa ta ƙi fita, dunƙulen hannun ya toshe hannun rigar. Ina cikin kokawa da ita, kaina a ciki, na ji ƙasa ta girgiza.

Wani ƙato ne ya sauko, baƙi wuluk, kansa na gogar rassan sama, yana zuƙar naɗin taba mai kaurin turmi. Ya ce wanda bai nemi gafara ba, ko ya kayar da shi a faɗa, ko ya zauna ya riƙa naɗa masa taba har abada. Sai dai ya ce tun da ni baƙo ne, a yi da dokar garinmu. Ko aljanunsu ma ladabi ne da su, abin takaici.

Na faɗa masa dokar: wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya mutu. Ya yarda. Sannan na ɓoye hannuna a baya na ce kafin a fara, kada ya kuskura ya dubi abin da ke cikin naɗin nan, sirri ne na gadon gidanmu. Ya ce mene ne. Na ce taba ce da ba a taɓa sha a dajinsa ba. Na ajiye hannun a ƙasa-ƙasa, kusa da idon sawuna. Ya sunkuya bai kai ba. Ya ƙara sunkuyawa. Da ƙwaɗayi ya ci ƙarfinsa sai ya durƙusa ya kawo hanci.

Na ce, "An kashe ka."

Ya dubi gwiwarsa, ya dube ni, ya yi dariyar da ta zubo da kwakwa daga bishiyoyi. Ya buɗe mana hanya. Amma da za mu wuce ya toshe hanci ya ce, "Baƙo, wannan ba taba ba ce. Abin da ke cikin tsumman nan ya fara mutuwa." Na ce ƙarya yake, baƙin cikin kaye ne. Amma fa ni ma na kwana biyu ina jin warin, ina ɗora wa kifi laifi.

A ƙarshe dai muka isa. Tsibirin Lola Kandeng ƙarami ne, gidaje a kan dogayen ƙafafu, ko'ina sai ƙarar sanduna ƙwas-ƙwas, manya da yara suna gwabzawa da sandar ratan, wani itace mai kama da gora, suna hira kamar masu sussuka. Lola a harshensu kaka ke nan. Na same ta zaune a kan turmi tana ɓare masara, 'yar tsohuwa wadda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Na tsaya a gabanta. Ta ɗago, ta miƙo hannun damanta a dunƙule sako-sako, bayansa na sama, daidai fuskata.

Jikin ɗan dambe ba ya jiran shawara. Na goce, na ɗaga garkuwa, na ja da baya na gyara tsayuwa. Sanduna suka tsaya cak. Sai tsibirin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har kaji.

Mang Islau ya share hawaye ya ce, "Aboki, gaisuwa ce. Mano muke ce mata. Ka kama hannun babba da hannun damanka, ka sunkuya ka ɗora shi a goshinka, ya sa maka albarka. Ba ta koya wa wanda bai yi ba."

Na miƙa hagu. Ta janye hannunta. Na miƙa dunƙulen, na yi ta ture mata yatsu da shi, babu abin kamawa. Ta kama shi ita, ta shinshina, ta matsa nan ta matsa can, domin ita ce kuma mai ɗorin tsibirin. Fara'arta ta ɗauke.

Ta ce, "Jikana, a cire zaren nan yau, ko a cire hannun in wata ya tsaya."

Na ba ta labarin Sadau da rantsuwata tun daga farko, har da kalangu da guɗa, don ta san ba da ƙaramin mutum take magana ba. Ta saurara tana ɓare masararta.

Ta ce, "Da baki ka rantse?"

Na ce, "Da baki."

"To me ya sa hannu ne ke biya?"

Na ce ba za ta gane ba, maganar maza ce. Ta ce addinin naku bai bar ƙofa ga wanda ya yi rantsuwar wauta ba? Na ce ya bari, a ciyar da mabuƙata, amma ni ba ƙofa nake nema ba, idon mutanen Rafin Giginya nake ji. Ta ce ita daga nan ba ta hango su. Ta ɗauki sanda ta jefo mini, na cafe da hagu. Ta ce gaisuwa bashi ce a kaina, amma ba za ta bar baƙo ya zauna banza ba.

A wurinsu da sanda ake farawa, arnis suke kiran abin, sai hannu ya san hanya sannan a ajiye sandar a koma naushi. Ni da na zo neman maganin bahago, ga ni ana mai da ni bahago. Tsohuwar nan ta yi ta zane ni, a gwiwar hannu, a wuyan hannu, a yatsu, tana tambayata ko na ƙoshi da karin kumallo. Kullum da safe ta dubi dunƙulen ta ce, "Yau fa?" In ce ba yau ba. Ba ta taɓa tilasta mini ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don da ta sa an danne ni an yanke zaren, da na sami wanda zan ɗora wa.

Zogin ya daina. Na yi murna, na ce mata ga shi hannun ya warke da kansa. Ran nan da hantsi ina zaune kusa da murhu ana gasa kifi, sai na ji ƙaurin tsumma. Na duba ko'ina ina neman wawan da rigarsa ta kama wuta. Mang Islau ne ya turo baki wajen cinyata. Garwashi ya faɗa kan naɗin, ya ci tsumma ya kai ga nama, ni kuwa ban ji komai ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a fage ba. Na tashi na je gaban tsohuwar, na miƙa mata hannun, na kau da kai. Ta sa bakin adda ta bi zaren a hankali. Abin da ya fito ba zan kwatanta muku shi ba, kuna da abincin da za ku ci anjima. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Ta yi ta fama da shi da man kwakwa da ganyaye, tana ja tana murzawa, ina ihu tana waƙa. Babban yatsa ya dawo, manuni ya biyo shi. Sauran ukun suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, kuma ko dunƙulewa sosai ba sa yi. Ta ce da ranar da na iso aka yanke zaren, da duka biyar sun tashi. Na ce ba sai ta faɗa ba. Da yatsun nan biyu na kama hannunta na ɗora a goshina. Na ce zan ciyar da mabuƙata saboda rantsuwar, sai tsibirin kaf ya wayi gari mabuƙaci, har da na maƙwabta a kwalekwale, kowa da farantinsa.

Daga nan aka shiga koyo na gaske. Ta ce hannun da ba ya riƙe da makami su rayayyen hannu suke ce masa, shi ke tarewa, shi ke kamawa, shi ke buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ce wannan karin maganarmu ce. Ta ce to me ya hana ku aiki da ita? Lanƙwasassun yatsuna suka zama ƙugiya, in na maƙale hannun mutum da su ba ya ƙwacewa, hagu kuwa ta koyi zuwa ta inda ba a zato. Ranar da na zaunar da Mang Islau a kan rairayi, ya tashi ya rungume ni, aka yanka kaji, aka yi waƙa. Ko haushin kaye ba su iya ba.

Shekaru suka yi ta shuɗewa har furfura ta leƙo mini, sannan na yi sallama na kamo hanyar gida da hannun dama wanda ba zai sake zama mashi ba, ba zai kuma riƙe wuƙar fawa ba. Abu guda ya rage mini da zai sa asarar nan ta zama ciniki: gwiwar Sadau a ƙasa. Ko gida ban biya ba, na zarce Tudun Gawo.

Na tambayi fagen Sadau Bahago, aka nuna mini wata rumfa a bakin kasuwa. Na tarar da wani mai tumbi zaune a kan tabarma yana auna dawa, jikoki na hawa bayansa. Na tsaya a kansa na yi kirarin da na yi ta gyarawa tun daga tsakiyar teku. Na ce ni ne Nomau na Rafin Giginya, ya tashi ya ɗaure hannu.

Ya sa hannu ya kare rana yana dubana. Ya ce, "Rafin Giginya. Garin da ke da rijiya mai zaƙi ko? Na taɓa zuwa."

"Ka taɓa zuwa ka kashe ni."

"Allah sarki. To ka yafe, ɗan'uwa, ƙuruciya ce. Ni dambe na bar shi tun shekarar da gwiwa ta fara damuna, yanzu ko sallah a zaune nake yi. Zauna mana, a kawo maka fura."

Ya miƙo hannu mu gaisa. Kafin in yi tunani na ba shi nawa. Ya riƙe, ya ji yadda yake, sai ya juya shi ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, da tabon wutar, da sawun zare da ya zagaye wuyan hannun. Fuskarsa ta canza. Na ga tsohon ɗan damben ya leƙo ta cikin idonsa.

Ya ce, "Wannan hannun ɗan dambe ne, kuma na gaske. Wane azzalumi ne ya yi maka haka? Faɗa mini sunansa. Wallahi da gwiwar nan tawa zan ja jiki in je in same shi."

Na buɗe baki. Na ƙetare teku, na kayar da aljani, na koyi harshen mutanen da ke nuni da leɓe, amma ban taɓa haɗuwa da abin da ya fi wannan tambaya nauyi ba. Yana nan riƙe da hannun yana jira, jikokinsa suna kallona.

Na ce, "Wani ne a garinmu. Ba ka san shi ba."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, wanda ya ƙara a kai, nauyin na wuyansa.